Baƙin Karammiski da Shuɗin Ido: Yadda Mai Shara Ya Zama Mai Kyamara a Holiwud

Wannan nazari ne a kan mutum ɗaya, James Wong Howe, Basine da ya tashi a Amurka, wanda ya nemi shiga sana'ar ɗaukar fim a lokacin da makarantun koyonta ba su yawaita ba. Ba shi da ɗan'uwa a cikin harkar da zai kama masa hannu, bokonsa bai yi nisa ba, doka kuma ta hana shi zama ɗan ƙasa. Matsalarsa biyu ce: a ina zai samu ilimin, kuma in ya samu, wa zai yarda ya danƙa masa kyamara? Za a bi lamarin daga haihuwarsa zuwa 1931, shekarar da ƙafarsa ta kafu.

1899 zuwa 1914: Daga Taishan zuwa Pasco

An haife shi ranar 28 ga Agusta, 1899, a Taishan da ke lardin Guangdong a kudancin ƙasar Sin. A shekarar ce mahaifinsa ya tafi Amurka aikin layin dogo a kamfanin Northern Pacific. A 1904 ya aika aka kawo masa iyali, yaron yana da shekara 5. Suka zauna a Pasco, wani ƙaramin garin jirgin ƙasa a jihar Washinton, kusa da mahaɗar kogin Snake da na Columbia, inda uban ya riƙe kantin kayan masarufi.

Tun 1882 Amurka ta kafa dokar da ta taƙaita shigowar Sinawa, ta kuma hana waɗanda ke ciki samun takardar zama 'yan ƙasa. Abin da doka ta rubuta a takarda, yaran makaranta suka fassara shi da hannu. Ya sha tsokana saboda launinsa da ƙirar idonsa, ga shi gajere, don haka ya koyi rama duka tun yana ƙarami.

A garin ne kuma ya mallaki kyamararsa ta farko, ƙirar Brownie ta kamfanin Kodak. Akwati ne na kwali mai ƙaramin gilashi a gaba, wanda aka fara fitarwa a 1900 a kan dala 1 domin yara da talakawa. Babu abin da ake murɗawa a jikinsa sai zaren fim. Mai irin wannan kyamara ba ya gyara haske, sai dai ya gyara tsayuwarsa: ya duba inda rana take, ya juya mutum ya fuskance ta ko ya ba ta baya.

Mahaifin ya rasu yaron yana cikin shekarun samartaka. Zaman Pasco ya ƙare, karatun aji ma ya ƙare.

1915 zuwa 1917: Hanyoyin da suka toshe

Ya koma jihar Oregon wurin wani ɗan'uwan iyayensa, ya shiga damben zamani a ajin marasa nauyi. Tsakanin 1915 da 1916 ya yi karawa 8: ya ci 5, aka ci shi 2, aka yi canjaras 1. Ba abin kunya ba ne, amma ba abin da zai ciyar da mutum ba ne.

Daga nan ya nufi yankin San Faransisko da niyyar koyon tuƙin jirgin sama. Kuɗi suka ƙare kafin a kai ga jirgi. Ya gangara kudu zuwa Los Angeles, ya zama yaron aike a shagon wani mai ɗaukar hoto. Nan ya fara leƙa ɗakin wanke hoto, nan kuma aka sallame shi bayan ya yi amfani da ɗakin ya wanke wa wani abokinsa hotunan fasfo. Sai kwashe kwanuka a otal ɗin Beverly Hills.

Wata rana ya ci karo da masu ɗaukar wani gajeren fim ɗin barkwanci na kamfanin Mack Sennett a bakin titi. A cikinsu akwai wanda ya sani tun zamanin dambe, yanzu yana aikin kyamara. Ganin haka ya sa ya je kamfanin Famous Players-Lasky, wanda daga baya ya zama Paramount, ya nemi ganin Alvin Wyckoff, babban mai kyamarar gidan. Kyamarar wancan zamani da ƙafafunta na katako kaya ne na ƙarti, saurayin kuwa ɗan firit. Wyckoff bai ba shi ɗaukar kyamara ba. Ya ba shi shara, dala 10 a mako.

1917 zuwa 1922: Tsintsiya, sannan allo

Sharar nan ba ta banza ba ce. Zaren fim na lokacin da sinadarin naitiret ake yin sa, yana kama wuta kamar fetur, in ya kama kuma ruwa ba ya kashe shi da sauƙi. Guntayen da ke zuba a ƙasa dole a tsince su kullum. Wanda ke tsincewa yana wuni tsakanin masu loda fim da masu wanke shi, yana jin abin da suke cewa in ɗauka ta yi kyau, da zagin da suke yi in ta ƙone ko ta yi duhu.

A 1917 aka buƙaci ƙarin hannu a wurin ɗaukar wani fim na darakta Cecil B. DeMille, aka kira shi ya riƙe allo. Allo ne na gaske, ana rubuta lambar fitowa da alli, a ɗaga a gaban kyamara kafin a fara, domin mai haɗa fim ya san wane yanki ne wane. Sandar nan da ake bugawa ta yi "ƙas" ba ta zo ba tukuna, tunda fim bai fara magana ba. DeMille ya hango ɗan guntun Basine riƙe da allo, da ƙatuwar sigari a baki, abin ya ba shi dariya, ya ce a bar masa shi. Da dariya aka buɗe masa ƙofa, ba da jarrabawa ba.

Shekara biyar ya yi yana mataimaki. Ya kamata a faɗi abin da mataimaki ke yi, domin shi ne duk makarantar da ya samu. Yana loda zaren fim cikin akwatinsa a ɗaki mai duhu, da laluben yatsa. Yana jan igiyar awo daga gilashin kyamara zuwa fuskar ɗan wasa domin a saita gani. Yana rubuta tsawon zaren da aka ci a kowace ɗauka. Yana kallon maigidansa na murɗa hannun kyamara, domin babu inji a jikinta: zagaye 2 a daƙiƙa, hoto 8 a kowane zagaye, wato 16 a daƙiƙa. In hannu ya yi sanyi, mutane su riƙa zabura a majigi. In ya yi sauri, su riƙa tafiyar hawainiya. Washegari kuma a haska abin da aka ɗauka jiya, kowa ya ga inda aka dace da inda aka yi ɓarna.

Ya kuma yi sa'ar gida. Wyckoff da DeMille na cikin waɗanda suka fara barin tsohuwar al'adar watsa haske ko'ina daidai wa daida. Sukan haska ɓangare ɗaya na fuska, su bar ɗayan cikin inuwa, salon da aka riƙa kira hasken Lasky. Wanda ya tashi a gindin masu wannan aiki zai saba da ganin duhu a matsayin kayan aiki, ba aibi ba.

A waje da wannan gida babu inda zai je. Makarantar fim ta farko a duniya an buɗe ta ne a Mosko a 1919. Jami'ar Kudancin Kalifoniya kuwa sai a 1929 ta fara darasin fim. Ƙungiyar manyan masu kyamara ta Amurka, ASC, an kafa ta a 1919, amma ba a neman shiga, sai an gayyaci mutum.

Akwai labarin da ake yawan bayarwa daga shekarun nan. DeMille yana son kanari ya yi kamar yana waƙa a gaban kyamara, tsuntsu ya ƙi buɗe baki. Saurayin ya manna masa ɗan cingam a baki, kanari ya shiga fafutukar cirewa, yana buɗewa yana rufewa. A fim marar sauti, wannan waƙa ce. Ya samu ƙarin matsayi, amma har yanzu mataimaki ne, kuma mataimaka da yawa sun tsufa a haka.

Abin da ya ƙara da shi daga aljihunsa shi ne kyamarar hoton kati. Ya riƙa ɗaukar 'yan wasa hotunan da suke rabawa masu neman ba su aiki, yana samun ɗan abin sawa a bakin salati. A nan, shi ne mai tsayar da mutum, shi ne mai zaɓen haske, shi ne mai wankewa, in an ɓata kuma shi ne mai asara.

1922: Idon jaruma

Sai an yi wa mai karatu bayanin wata matsala da mu masu baƙin ido ba mu san ta ba.

Zaren fim ɗin da aka fi aiki da shi a lokacin, wanda ake kira otokuromatik, ba ya ganin launuka daidai. Shuɗi da kore yana kama su da ƙarfi, ja kuwa kusan makaho ne a kansa. Launin da zare ya kama da ƙarfi yakan fito fari a majigi, wanda bai kama ba ya fito baƙi. Shi ya sa a finafinan zamanin sararin sama yake fari fat, leɓen da aka shafa wa jan baki kuma ya koma baƙi ƙirin. Baturen da Allah ya yi wa shuɗin ido mai haske, in aka matso da kyamara kusa da fuskarsa, sai ƙwayar idon ta kusa ɓacewa cikin farin ido, ya zama kamar mai yana. A fim ɗin da babu murya, ido ne ke magana. Jarumar da idonta ya mutu a majigi, rabin jarinta ya tafi.

An yi ta dabaru. Masu kwalliya na zagaye idon da baƙi kamar an zuba kwalli, wanda ke fito da fatar ido amma ba ya taɓa ƙwayar. Ana iya sa gilashi mai ruwan ɗorawa a gaban kyamara ya rage shuɗin, sai dai yana cin haske, zaren kuma dama ba mai saurin kama haske ba ne.

Mary Miles Minter na cikin manyan jaruman kamfanin, kuma idonta shuɗi ne mai haske. A 1922 saurayin ya roƙi ya ɗauke ta hoton kati, ta yarda. Da ya kawo mata hotunan, sai ga idanunta sun fito da duhu da zurfi, abin da ba ta saba gani ba. Ta tambaye shi ko zai iya yin haka a fim. Ya ce zai iya. Ta nemi kamfani ya ba shi babbar kyamara a fim ɗinta na gaba, kamfani kuma bai iya ƙin maganarta ba.

Gaskiyar magana, bai san yadda aka yi idon ya yi duhu ba.

Tsuntsu ne daga sama gasasshe, amma in aka kunna fitilu aka ɗauka idon ya sake fitowa fari, ranar ce ƙarshensa, kuma ba za a ce mataimaki ya gaza ba, za a ce dama wa ya aiki Basine. Sai ya koma wurin da ya ɗauki hoton, ya bi abin daki-daki: inda ta tsaya, inda shi ya tsaya, abin da take fuskanta. A gabanta, bayan kyamararsa, akwai baƙin ƙyalle da aka rataya domin wani aikin dabam. Shi take kallo lokacin da ya danna.

Duk mai son ya gane abin, ya tsayar da yaro a cikin ɗaki yana fuskantar ƙofa da rana, ya leƙa idonsa. Zai ga ƙofar a ciki, ƙarama, mai haske, har da inuwar kansa. Saman ido madubi ne mai lanƙwasa, yana ɗauko duk abin da ke gabansa. A sutudiyo, abin da ke gaban jaruma fitilu ne da fararen alluna masu maido da haske. Duk wannan farin yana kwanciya a kan ƙwayar idon da zaren fim ya riga ya kashe wa launi, sai fari ya hau kan fari. In kuwa abin da ke gabanta baƙi ne, babu farin da zai kwanta, sai ɗan duhun da idon ke da shi ya samu fitowa.

Maganin da ya haɗa ba shi da tsada. Ya samu baƙin karammiski, domin gashin jikinsa na shanye haske fiye da kowane yadi, ba ya ƙyalli. Ya ɗaure shi a babban firam na katako, ya huda tsakiya daidai gilashin kyamara, ya shige bayansa da kyamarar. Jaruma na kallon baƙin bango mai ido ɗaya. Aka ɗauka, aka wanke, aka haska: idon ya fito.

1923 zuwa 1928: Bayan mai riƙe masa hannu ta tafi

Fim ɗin ya fita a farkon 1923, shi ne na farko da ya ɗauka a matsayin shugaban kyamara, yana ɗan shekara 23. Labari ya bazu a Holiwud cewa Minter ta samu wani Basine da ke ɓuya bayan baƙin ƙyalle yana yi wa ido siddabaru. Masu shuɗin ido suka fara neman sa.

A shekarar ce kuma Minter ta yi fim ɗinta na ƙarshe, ta bar harkar baki ɗaya. Da a jikinta kawai ya rataya, da sun tafi tare. Amma daraktoci irin su Herbert Brenon da Victor Fleming suka ci gaba da ɗaukar sa, ya yi ta aiki ba yankewa har ƙarshen zamanin fim marar magana. An san shi da fito da kyan fuska ta hanyar jera fitilu kawai, ba tare da yawan lulluɓe gilashin kyamara da siririn ƙyalle ba kamar yadda wasu ke yi domin ɓoye tabo.

1928 zuwa 1931: Fim ya buɗe baki

A 1928 ya tafi ƙasar Sin ɗaukar hotunan wani fim da yake fatan ya ba da umarninsa da kansa. Fim ɗin bai kammalu ba. Ya dawo ya tarar an canja masa sana'a.

Tun Oktoban 1927 kamfanin Warner ya nuna cewa fim mai magana na kawo kuɗi, sauran kamfanoni suka rufa masa baya. Kyamara na da ƙara, makirufo na ɗauka, sai aka kulle ta da mai ita cikin wani akwati mai tagar gilashi, ba motsi, ga zafi. Murɗa hannu ya ƙare, inji ya karɓa, aka tsayar da gudu a hoto 24 a daƙiƙa. Tsofaffin fitilun gawayi masu tartsatsin lantarki na yin gunji, aka koma wa fitilun ƙwai. Hasken ƙwai ya fi karkata ga ja da ruwan ɗorawa, wanda tsohon zare ba ya gani sosai, don haka sabon zare mai ganin dukkan launuka, fankuromatik, ya mamaye kasuwa. Da zuwansa, shuɗin ido ya daina zama matsala. Karammiskin da ya ɗaga shi ya koma tsumma.

Kamfanoni kuma suka ce sai wanda ya taɓa ɗaukar fim mai sauti. Shi da ya yi shekaru yana shugabancin kyamara ya zama marar aiki.

Ya gwada hanya ta farko: ya zuba kuɗinsa a wani fim na harshen Japananci da aka ɗauka a Kalifoniya, shi ne mai kyamara, yana kuma cikin masu ba da umarni. Fim ɗin bai samu 'yan kallo ba, kuɗin suka nutse. Hanya ta biyu: a 1930 ya ɗauki wani ƙaramin fim mai magana ba tare da an biya shi albashi ba, domin dai a daina cewa bai taɓa yi ba. Wannan ta ɓulle. Darakta Howard Hawks, wanda suka san juna tun a fim ɗin 1917 inda ya riƙe allo, ya ba shi aiki. A 1931 darakta William K. Howard ya ɗauke shi wani fim na kamfanin Fox da labarinsa ke faruwa a cikin jirgin ruwa. A can ya yi aiki da gilashi mai faɗin gani da ɗakuna masu rufi a sama, ya sa na kusa da na nesa duk suka fito tar a hoto ɗaya. Da wannan fim ƙafarsa ta kafu.

Abin da ya biyo baya

Ya shiga kamfanin MGM, ya shiga Warner, ya ɗauki fim sama da 130. A 1947, da aka ba shi fim ɗin dambe, ya ɗaura takalmi mai taya, ya riƙe ƙaramar kyamara a hannu, ya shiga cikin da'irar yana zagaya masu faɗa. An sa sunansa a takarar lambar Oscar sau 10, ya ci sau 2, da fim ɗin 1955 da na 1963, dukansu baƙi-da-fari. Dokar da ta hana Sinawa zama 'yan ƙasa sai a 1943 aka soke ta. Auren da ya yi da wata marubuciya Baturiya a Faris a 1937, Kalifoniya ba ta san da shi ba sai bayan kotu ta rushe dokar hana aure tsakanin farar fata da masu wani launin fata a 1948. Ya rasu ranar 12 ga Yuli, 1976.

Me ya yi aiki, me bai yi ba

Dambe, jirgin sama, da fim ɗin da ya zuba wa kuɗi duk sun faɗi, biyu daga ciki saboda suna buƙatar jarin da ba shi da shi. Aikin mataimaki ya ba shi ilimi, amma a ganina shi kaɗai ba zai ba shi kyamara ba. Tsani ne da wasu ke riƙe da samansa, kuma babu alamar suna da niyyar miƙa wa Basine hannu. Abin da ya tsallakar da shi layi ita ce kyamarar hoton katin da ya saya wa kansa, domin ita ce ta sa aikinsa a hannun mai faɗa a ji ba tare da ya bi ta kan kowa ba.

Sa'a ta taka rawa sau uku: abokin dambe a bakin titi, dariyar DeMille, da baƙin ƙyallen da wani ya rataya. Ba na rage mata komai. Sai dai a na ukun ne aka ga bambanci. Hoton ya yi kyau ba da saninsa ba, ya kuma yi alkawarin abin da bai iya ba, wanda ganganci ne. Abin da ya fisshe shi shi ne komawa wurin ya nemo dalili, kuma ya iya nemowa ne saboda shekara biyar da ya yi yana kallon yadda zare ke amsa haske da duhu a gindin Wyckoff. Mai shara na makon farko, ko ya ga ƙyallen, ba zai haɗa shi da idon ba.

Dabarar karammiski ba ta kai shekara goma tana da amfani ba. Zaman kashe wandon da ya yi bayan dawowarsa daga Sin kuwa ba rashin iya aiki ya jawo ba, tunda hasken da ya sani bai canja hali ba don an sa makirufo. Takardar shaida ce kamfanoni ke nema, fim ɗaya mai sauti da sunansa a jiki, ya kuma saye ta da aikin fim guda kyauta. Wanda ya fara ba shi aikin kirki bayan nan, mutum ne da ya san shi tun yana riƙe allo da sigari a baki.